Da sunan wa za a ƙwanƙwasa ƙofar can? Fashin baƙi kan User Mapping a pgAdmin

Akwai saƙon kuskure guda da yake jiran kusan duk wanda ya tashi haɗa rumbunan bayanai biyu na PostgreSQL, wato `user mapping not found`. Abin haushin shi ne lokacin da yake zuwa. Mutum ya girka `postgres_fdw`, ƙarin manhajar da ke haɗa PostgreSQL da wata, ya rubuta adireshin sabar da ke nesa, ya sa wa asusunsa shaidar shiga can, ya jawo teburanta, ya gwada da asusunsa na mai cikakken iko ya ga layuka suna zubowa, ya kashe kwamfuta ya tafi gida. Washegari akawun da aka yi aikin dominsa ya buɗe teburin, sai ga saƙon ya tare shi. An ba shi izinin karantawa, teburin yana nan, hanyar sadarwa lafiya lau. To me ya rage?

Abin da ya rage shi ne amsar tambayar da sabar gida ba za ta iya amsa wa kanta ba: idan wannan akawun ya nemi bayanin da ke can, da sunan wa zan ƙwanƙwasa musu ƙofa? Sunan `akawu` a nan gida yake da ma'ana. Sabar can tana da nata jerin asusai, da nata kalmomin sirri, da nata dokokin shiga, kuma ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ko da an yi sa'a akwai wani `akawu` a can, suna ne kawai ya zo ɗaya, babu abin da ya haɗa su.

Fatake sun san wannan tun da daɗewa. Baƙon da ya shigo da kaya garin da ba a san shi ba, ko shi wane ne a garinsu, ba da sunansa yake cin kasuwa ba. Mai masaukinsa ne yake tsaya masa, shi aka sani, shi ake ba bashi, shi kuma za a nema idan magana ta taso. User Mapping ita ce takardar da ke cewa wane baƙo, idan ya je wane gari, a gidan wane ne zai sauka. Zan riƙa kiranta wakilci a wannan rubutun, don abin da take yi ke nan: tana naɗa wa asusun gida wakili a sabar nesa.

Abubuwa huɗu da suke jingine da juna

Tsarin ba PostgreSQL ce ta ƙirƙiro shi ba. Yana cikin ƙa'idar SQL ta duniya, a kashi na 9 na ISO/IEC 9075, wanda ake kira SQL/MED, ɓangaren da ya shafi sarrafa bayanan da ke wajen rumbu. PostgreSQL ta ɗauko shi ne guntu-guntu. A sigar 8.4 ta 2009 aka shigo da umarnin ƙirƙirar tafinta, da saba, da wakilci, amma a lokacin amfaninsu bai wuce adana bayanan haɗi ga irin su `dblink`, tsohon kayan aikin aika tambaya zuwa wani rumbu, ba. A 9.1 ta 2011 aka samu baƙin tebura da ake iya karantawa. Sai 9.3 ta 2013 ta kawo `postgres_fdw` da damar rubutu a cikinsu, 9.5 kuma ta ƙaro `IMPORT FOREIGN SCHEMA`, wanda ya hutar da mutane daga kwafar fasalin kowane tebur da hannu.

Abu na farko shi ne tafinta, wanda a pgAdmin, manhajar da ake kula da PostgreSQL da ita ta kan allo, za ka gan shi da sunan Foreign Data Wrapper. Shi ne ya iya harshen ɗaya ɓangaren: `postgres_fdw` yana magana da wata PostgreSQL, `mysql_fdw` da MySQL, `oracle_fdw` da Oracle, `tds_fdw` da SQL Server. Na biyu ita ce sabar nesa, wadda ba komai ba ce illa adireshi: `host`, `port` da `dbname`. Na uku shi ne baƙon tebur, wanda yake zaune cikin rumbunka kamar kowane tebur alhali ko layi ɗaya na bayani babu a cikinsa, fasali ne kawai da nuni zuwa can. Na huɗun shi ne wakilci.

Raba adireshi da shaidar shiga da aka yi da gangan ne. Adireshin ɗaya ne ga kowa, amma shaidar kowa da tasa. Shi ya sa idan ka yi ƙoƙarin cusa `user` ko `password` cikin zaɓuɓɓukan sabar, `postgres_fdw` zai ƙi karɓa ya ce ba nan ne wurinsu ba.

Kafin a ci gaba, akwai wani ruɗani da pgAdmin kansa yake jawowa. A saman bishiyar da ke gefen hagu akwai reshen Servers, inda kake rajistar sabobin da kai kanka kake shiga, kana iya adana kalmar sirrinsu a ƙarƙashin babbar kalmar sirri ta pgAdmin. Wannan ba shi da wata alaƙa da Foreign Servers. Na farkon haɗi ne daga pgAdmin zuwa saba. Na biyun haɗi ne daga saba zuwa saba, kuma pgAdmin ba ya cikin tafiyar ko kaɗan, shi dai ya rubuta umarnin ya miƙa. Don ka ga rumbunan biyu suna jere a allonka, kana shiga kowanne ba matsala, ba ya nufin su sun san juna. Daga nan ma ake samun kuskure na biyu da ya fi yawa: a fayil ɗin `pg_hba.conf` na sabar nesa, wanda yake tantance wa zai shiga kuma daga ina, adireshin da ya kamata a buɗe wa ƙofa shi ne na sabar gida, ba na kwamfutar da kake zaune a gabanta ba.

Akwatin kansa

Hanyar zuwa wurin tana da ɗan tsawo: ka buɗe rumbun, ka shiga Foreign Data Wrappers, ka buɗe tafintan, ka shiga Foreign Servers, ka buɗe sabar, sannan ka ga User Mappings. Danna dama, Create, sai akwati mai shafuka uku ya fito. A shafin General za ka zaɓi asusun gida daga jerin da aka ba ka, kuma a cikin jerin akwai sunaye biyu da ba na mutane ba, `CURRENT_USER`, wato asusun da kake ciki, da `PUBLIC`, wato kowa da kowa. A shafin Options kana ƙara layuka, kowanne da suna da ƙima. Shafin SQL kuma yana nuna maka umarnin da za a aika. A ce kamfani ne mai hedikwata da reshe, kuma akawun hedikwata yana son ganin cinikin reshe, abin da za ka gani a shafin ƙarshe bai wuce wannan ba:

```
CREATE USER MAPPING FOR akawu SERVER reshe
    OPTIONS ("user" 'mai_karatu', password '…');
```

Shi ke nan. Akwatin ba ya gwada haɗin, ba ya tambayar sabar can ko akwai `mai_karatu`, ba ya duba ko kalmar sirrin daidai take. Zai adana abin da ka rubuta ya nuna maka komai ya tafi daidai, sai ran da aka taɓa teburin gaskiya ta fito. Haka kuma sunayen zaɓuɓɓukan ba ɗaya ba ne a wurin kowane tafinta: `postgres_fdw` da `oracle_fdw` suna son `user`, amma `mysql_fdw` da `tds_fdw` `username` suke nema. Shi kuwa `file_fdw`, mai karanta fayilolin da ke kan injin sabar, ba ya buƙatar wakilci sam, tunda babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wani abu da mutane suke zato kuma ba haka yake ba: idan ka bar `user` babu komai, `postgres_fdw` ba ya ɗaukar sunan asusun gida ya tafi da shi. Laburaren `libpq`, wanda PostgreSQL take buɗe haɗi da shi, shi ne yake cike gurbin, kuma abin da ya saba cikewa da shi shi ne sunan asusun da sabar take gudana a ƙarƙashinsa a kan injin, wanda galibi `postgres` ne. Wato mantuwar layi ɗaya tana iya sa a je can ana neman shiga da sunan mai gida.

Wa yake da ikon ƙirƙirar wakilci? Mai sabar, wato wanda ya ƙirƙire ta ko aka mallaka masa, yana iya yi wa kowa. Wanda kuma aka ba izinin `USAGE` a kan sabar yana iya yi wa kansa kaɗai. Kowane asusu wakilci ɗaya yake samu a kan kowace saba. In kana son mutum ɗaya ya shiga rumbu ɗaya da sunaye biyu, ɗaya na karatu ɗaya na rubutu, sai ka ƙirƙiri sabobin nesa biyu masu adireshi ɗaya.

Wakilcin wa ake ɗauka?

A nan ne maganar take da daɗi, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Dokar neman gajeruwa ce. PostgreSQL tana duba ko akwai wakilci da sunan asusun da ake aiki da shi. In babu, ta duba ko akwai na `PUBLIC`. In shi ma babu, ta jefo saƙon da muka fara da shi. Mataki biyu ne, babu na uku.

Rashin na ukun yana da muhimmanci, domin a PostgreSQL an saba da gado. Ka ƙirƙiri rukuni mai suna `ma_aikatan_kudi`, ka ba shi izinin karanta tebura, ka zuba mutum goma a ciki, duk su gaji izinin. Sai hankali ya ba ka cewa wakilci ma haka yake. Ba a gadonsa. Idan ka yi wa rukunin wakilci, mambobinsa ba za su amfana ba sai wanda ya yi `SET ROLE` ya koma rukunin kansa na tsawon zamansa. Mutum goman nan, ko dai kowanne ya samu nasa, ko a bi ta wata hanyar.

Wata hanyar ita ce madubi, abin da SQL ke kira `VIEW`, tambayar da aka adana aka raɗa mata suna. Idan akawu ya karanta madubin da aka gina a kan baƙon tebur, ba wakilcinsa ake ɗauka ba, na mai madubin ake ɗauka. Wannan yana iya zama alheri babba. Ka ƙirƙiri asusu guda da ba ya iya shiga da kansa, ka yi masa wakilci, ka mallaka masa madubai masu nuna ginshiƙan da ka yarda a gani kawai, sannan ka ba ma'aikata izinin karanta madubin. Ba su da wakilci, ba su san kalmar sirri ba, ba sa taɓa baƙon teburin kai tsaye, amma aikinsu yana tafiya. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi tsabta ga yawancin ofisoshi. Amma wuƙa ce mai baki biyu: idan mai cikakken iko ne ya ƙirƙiri madubin a gurguje ya bar shi da sunansa, duk wanda aka ba izinin karantawa yana isa can ne da wakilcin mai cikakken iko. Tun sigar 15 ta 2022 ana iya sa wa madubi `security_invoker`, wanda yake juya lamarin ya koma kan mai karantawa. Ayyukan da aka rubuta da `SECURITY DEFINER` su ma da sunan mai su suke tafiya.

Sai `PUBLIC`. Ba na musun yana da amfani. Idan abin da ke can jerin farashi ne ko sunayen kayayyaki da kowa a kamfanin yake da haƙƙin gani, kuma asusun da aka naɗa a can karatu kawai yake iyawa, to wakilci guda na kowa da kowa ya wadatar. Matsalar ita ce ba don wannan ake yawan yin sa ba. Ana yin sa ne don saƙon kuskuren ya yi shiru, kuma sau da yawa da asusun da ya fi kusa da hannu, wato na mai rumbun can. Daga ranar, abin da ya rage tsakanin kowane asusun gida da bayanan reshe shi ne izinin tebur na nan gida. Sabar can ta daina ganin mutane, fuska ɗaya take gani. Idan tana da dokar tsaro ta layi-layi wadda ke nuna wa kowane asusu nasa kaso, dokar ta zama ado, tunda kowa da riga ɗaya yake zuwa. Idan aka goge wani abu, littafin tarihinta zai ce `mai_karatu` ne ko `postgres` ne, ba zai ce wane ba. Sigar 15 ta ɗan rage wannan duhun da saitin `postgres_fdw.application_name`, inda alamar `%u` take sa sunan asusun gida ya bayyana a can cikin sunan manhajar da ta haɗu. Yana taimakawa wajen bincike, amma lakabi ne, ba ya hana komai.

A riƙe cewa izini hawa biyu ne. A gida ana duba ko kana da `SELECT` a kan baƙon teburin. A can kuma ana duba ko wakilinka yana da `SELECT` a kan teburin gaske. Ko wanne ya ƙi, magana ta ƙare, kuma saƙonnin biyu suna kama da juna ƙwarai. Abin da zai nuna maka daga can ne ƙin ya fito shi ne layin da ke biye da saƙon yana nuna umarnin da aka aika nesa.

Me ya sa ake dagewa sai da kalmar sirri?

Wanda ba mai cikakken iko ba, idan wakilcinsa babu kalmar sirri, `postgres_fdw` ba zai ma fara haɗin ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne na biyu: ko ka sa kalmar sirrin, idan sabar can ba ta tambaye ta ba, misali an saita ta a `trust` tana barin kowa ya wuce, za a yanke haɗin a ce ba a yarda ba. Mutum sai ya ga kamar tsaurin banza ne. Ƙofa a buɗe take, me ya sa za a hana ni shiga?

Dalilin yana komawa 2007, lokacin da aka gano ɓaraka a `dblink`. Haɗin da ke fita daga cikin rumbu yana fita ne daga injin sabar, a ƙarƙashin asusun `postgres` na injin. Sabobi da yawa kuwa an saita su suna yarda da duk haɗin da ya fito daga cikin gida ba tare da tambaya ba. Sai ƙaramin asusu ya sa `dblink` ya fita ya sake shigowa sabar da yake ciki, ya ce shi ne `postgres`, a buɗe masa, ya wayi gari da cikakken iko. Maganin da aka yi shi ne dokar nan mai fuska biyu: ka kawo kalmar sirri, kuma sai an tabbatar da ita aka buɗe maka, ba alfarmar injin da kake kai ba. `postgres_fdw` ya gaji dokar tun ranar da aka haife shi.

A sigar 13 ta 2020 an buɗe wata 'yar kafa. Mai cikakken iko yana iya sa `password_required 'false'` a kan wani wakilci, a kuma sa `sslcert` da `sslkey` a cikin wakilcin don shiga da takardar shaida maimakon kalma. Kafar tana da amfani ga wanda ya san abin da yake yi. Amma wanda aka ɗage wa dokar yana iya cin gajiyar duk abin da asusun `postgres` na injin ya mallaka, har da fayil ɗin `.pgpass` da takardun shaidar da ke gidansa. Takardun PostgreSQL da kansu sun yi kashedi kada a haɗa wannan zaɓin da `PUBLIC`. Duk wanda ya haɗa su ya maido da ɓarakar 2007 da hannunsa.

Inda kalmar sirrin take kwana

Wannan ɓangaren ne ya kamata kowa ya sani kafin ya danna Save. Kalmar sirrin asusun PostgreSQL na yau da kullum ba a adana ta yadda take, ana niƙe ta ne ta hanyar SCRAM, wanda ya shigo a sigar 10 ya zama na asali a sigar 14, yadda ko mai cikakken iko ba zai iya karanta ta ba. Ta cikin wakilci ba haka take ba. Dole sabar gida ta iya gabatar da ita a can duk lokacin da aka buƙata, saboda haka a fili take zaune cikin teburin tsarin da ake kira `pg_user_mapping`, harafi da harafi.

Abin da yake kare ta shi ne izini kawai. Talakan asusu ba ya iya karanta teburin, sai madubinsa mai suna `pg_user_mappings`, da ƙarin harafin s, wanda yake ɓoye zaɓuɓɓukan sai ga mutum uku: mai cikakken iko, da mai sabar idan wakilcin na `PUBLIC` ne, da wanda aka yi wa wakilcin idan shi ne mai sabar ko yana da `USAGE` a kanta. A sake karanta na ƙarshen. Idan ka yi wa akawu wakilci da kalmar sirrin da ba ka son ya sani, sannan ka ba shi `USAGE` a kan sabar don ka ga kamar ana buƙata, ka miƙa masa kalmar. `\deu+` kawai zai rubuta a `psql`, manhajar rubuta wa PostgreSQL umarni, ya gan ta. Kuma ba ya buƙatar `USAGE` ɗin don karanta baƙon teburin da aka riga aka ƙirƙira. Izinin na masu ƙirƙirar tebura da masu kula da wakilcin kansu ne.

Dokar mutum ukun nan ma sai da aka sha wuya kafin a kai gare ta. A watan Mayu na 2017 aka toshe ɓarakar CVE-2017-7486, inda duk mai `USAGE` a kan saba yake iya ganin kalmomin sirrin wasu. A watan Agusta na shekarar aka sake dawowa da CVE-2017-7547, domin gyaran farko ya bar wanda aka yi wa wakilci yana ganin kalmar ko da ba shi da wani izini a kan sabar. Abin lura shi ne sabunta manhajar kaɗai bai gyara rumbunan da suke aiki tun kafin nan ba, sai da masu kula suka sake gina madubin da hannu a kowane rumbu.

Kalmar tana kuma yawo fiye da yadda ake zato. `pg_dump`, kayan aikin ɗaukar kwafin ajiya, yana kwashe wakilci tare da sauran kayan rumbu, saboda wakilci na rumbu ne, ba kamar asusai ba da suke na sabar gaba ɗaya. Idan mai cikakken iko ne ya ɗauki kwafin ajiya, kalmomin sirrin suna ciki a fili, kuma duk wanda aka tura wa fayil ɗin don ya yi gwaji ya samu makullin rumbun reshe a kyauta. Ya ma fi haka: idan ya zuba kwafin a injin gwaji, baƙin teburan suna nan suna nuni zuwa sabar gaske, gogewar da ya yi da sunan gwaji a can za ta sauka. Idan kuma ƙaramin asusu ne ya ɗauki kwafin, wakilcin zai fito fanko babu zaɓuɓɓuka, sai ranar maidowa a rasa dalilin da ya sa haɗi ya mutu. Haka nan idan an kunna `log_statement` yana rubuta umarnin gina abubuwa, umarnin `CREATE USER MAPPING` zai faɗa littafin tarihin saba da kalmarsa a jiki. Wanda ya rubuta shi a Query Tool na pgAdmin kuma ya bar shi a tarihin tambayoyinsa.

Masu gina PostgreSQL sun san wannan rauni ne, kuma suna ta neman hanyar da za a daina adana kalmar gaba ɗaya. Sigar 16 ta 2023 ta ba da damar miƙa shaidar Kerberos ta mai amfani daga sabar gida zuwa ta nesa, ga ma'aikatun da suke da wannan tsarin na tantance masu shiga. Sigar 18 ta 2025 ta kawo `use_scram_passthrough`, inda ake amfani da shaidar da mutum ya shigo da ita gida a wuce da ita can. Sharaɗinsa yana da tsauri: ba kalmar sirri iri ɗaya kawai ake nema a ɓangarorin biyu ba, sai niƙaƙƙen sirrin SCRAM da aka adana ya zama ɗaya sak, kuma mutumin ya shigo gida ta SCRAM. Ga wanda yake kula da sabobin biyu da kansa, abu ne mai yiwuwa. Ga wanda yake haɗawa da rumbun wasu, ko da MySQL ko Oracle, galibi kalma a fili ita ce hanya, kuma abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar asusun da ya naɗa a can ba ya iya komai sai ɗan abin da aka aike shi.

Bayan an gama ginawa

Kowane zama a sabar gida, wato daga shigar mutum zuwa fitarsa, yana buɗe nasa haɗin zuwa can, ɗaya ga kowane wakilcin da ya yi amfani da shi, kuma yana riƙe da shi har zaman ya ƙare. Zama arba'in da suka taɓa baƙon tebur haɗi arba'in ne a can, alhali `max_connections`, iyakar haɗin da saba take karɓa a lokaci guda, na asali 100 ne. Tun sigar 14 akwai zaɓin `keep_connections` da ake kashewa don a riƙa sakin haɗin bayan kowace mu'amala, da `postgres_fdw_get_connections()` mai nuna waɗanda suke buɗe.

Riƙe haɗin nan yana da wata illa mai ruɗarwa. Idan aka canza kalmar sirri a can aka manta ba a canza ta a wakilci ba, tsofaffin zama za su ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, sababbi ne za su riƙa faɗuwa. Sai a ga rahoto yana fita a kwamfutar wani yana ƙi a ta wani, a yi ta zargin intanet. Gyaran layi ɗaya ne, ko a shafin Options na pgAdmin ko da hannu:

```
ALTER USER MAPPING FOR akawu SERVER reshe
    OPTIONS (SET password '…');
```

Zaɓuɓɓuka kaɗai ake iya canzawa. Ba a sauya wa wakilci mai shi, sai dai a goge a sake.

Ran da ma'aikaci ya bar aiki kuma, umarnin goge asusu, `DROP ROLE`, zai ƙi tafiya muddin akwai wakilci da sunansa, sai an goge shi ko an yi `DROP OWNED BY` a cikin kowane rumbun da yake da shi. Yawanci a nan ake tsayawa, an goge asusun gida an goge wakilci, a ɗauka an rufe ƙofa. Amma `mai_karatu` yana nan da ransa a sabar reshe, da kalmar sirrin da aka sa masa tun ranar farko. Idan mutumin ya taɓa samun `USAGE`, ko kwafin ajiya ya taɓa bi ta hannunsa, ko shi ne ma ya cike akwatin da kansa, to ya san ta. Sai an je sabar reshe an yi `ALTER ROLE mai_karatu PASSWORD`, sannan a dawo gida a bi duk sauran wakilcin da suke amfani da wannan asusun ɗaya bayan ɗaya a sabunta su.